Hoton da Bai Nuna Komai Ba: Ciwon Yayana da Aikin Farfesa Nancy Andreasen

Ni ma'aikaciyar ɗaukar hoto ce a wata cibiyar gwaje-gwajen lafiya a Legas, kuma yawancin aikina a kan na'urar MRI yake, wadda ake leƙa cikin kan mutum da ita ba tare da an tsaga shi ba. A Agege aka haife ni, a gidan fataken goro, domin kakanmu ya sauko ne daga ƙasar Kano tun zamanin da jirgin ƙasa ne babbar hanyar kai goro Arewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in ba da shaida a kan wata mata da ban taɓa gani ba, wadda ita ma ba ta san da zamanmu a duniya ba, wato Farfesa Nancy Andreasen ta Jami'ar Ayowa a Amurka, saboda aikinta ya shigo har cikin gidanmu ya gyara tsakanin mahaifina da babban ɗansa a lokacin da muka ɗauka abin ya gagari gyara.

A shekarar 2005 ciwon ya kama Yaya, yana ɗan shekara 22, yana karatu a wata kwalejin fasaha. Da rashin barci ya fara, sannan ya bi tagogin ɗakinsa ya lilliƙe da jarida, daga nan ya ce kwandastocin motocin haya na danfo suna kiran sunansa idan ya wuce, rediyon Baba kuma saƙo yake aiko masa. Kowa a unguwa da irin fassararsa. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce sammu aka yi masa saboda ƙoƙarinsa a makaranta, wasu kuma suka rantse cewa ƙwaya yake sha a ɓoye. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, da abin ya ci tura sai aka ɗauke shi zuwa wani gidan mari a Arewa, inda ya dawo mana bayan watanni a rame, da tabon ƙarfe a idon sawunsa biyu. Ban taɓa ganin laifin iyayena a kan wannan ba, domin sun yi abin da suka sani ne, sun kuma kashe abin da suke da shi. Amma a 2019, lokacin da aka nuna ɗaruruwan mutanen da aka fito da su cikin sarƙa daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, Inna tashi ta yi ta bar ɗakin da talabijin ɗin yake.

Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya, tsohuwar nas, ita ce ta matsa wa Inna lamba har aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Yaba, wanda aka kafa tun 1907. Duk wanda ya zauna a Legas ya san yadda ake zolaya da sunan wannan asibiti, shi ya sa Baba ya daɗe yana jan ƙafa. A can aka gaya mana cewa ciwon Yaya shi ne sikizofireniya, aka ɗora shi a kan magani irin wanda yake rage aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan makonni muryoyin da yake ji suka lafa, ya daina zargin mutane, ya koma barci. Muka yi sadaka, muka ce Yaya ya warke.

Ashe nan ne wahalar da ta fi tsawo za ta fara, wadda kuma ba kasafai ake ba da labarinta ba, domin babu ihu a cikinta, babu fashe-fashe. Yaya ya zama mutumin da zai zauna a kan benci a zaure tun hantsi har la'asar, kusa da huhunan goro, yana kallon bango. Sai an ce ya yi wanka zai yi, wani lokaci ma sai an kai masa ruwan har bayi. Idan aka ajiye masa tuwo sai ya huce a gabansa. Idan ka tambaye shi abu, amsarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, fuskarsa kuwa ba ta motsi ko an zo da albishir ko an zo da labarin rasuwa. Abokansa suka gaji suka janye. Baba, wanda tun yana ɗan shekara goma sha yake dakon goro, ya kasa fahimtar yadda ƙato mai lafiyar hannu da ƙafa zai wuni haka. Har yanzu ina jin muryarsa a zauren nan yana cewa, "Likita ya ce ciwo ya tafi, to me ya rage? Kai dai zuciyarka ce ta mutu, ka zama ci-ma-zaune, ƙannenka suna kallonka." Yaya ba ya mayar da magana, shirun nan kuma shi yake ƙara tunzura Baba, don yana ɗaukarsa raini. An kai matsayin da uba da ɗa ba sa haɗa ido a gida ɗaya.

A 2009, ina cikin karatun ɗaukar hoton asibiti a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, na roƙi Baba ya raka mu ganin likita ko sau ɗaya ne. Muka dace da wani matashin likita mai neman ƙwarewa, wanda yake tattara bayanai don kundin bincikensa. Ya fito da wata takarda mai layi-layi, ya shiga yin tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mana. Bai tambayi muryoyi ba sai a taƙaice. Tambayarsa ita ce: sau nawa yake wanka ba tare da an sa shi ba, yana da aboki ko ɗaya, akwai abin da yake jin daɗinsa, idan ya fara aiki yana kai shi ƙarshe? Yana tambaya yana kallon fuskar Yaya, yana lura da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya amsa, yana rubuta lamba daga sifili zuwa biyar a gaban kowane layi. Da ya gama sai ya juya ga Baba, suka koma Yarabanci, wanda Baba yake ji kamar Hausa, ya ce, "Alhaji, wannan ciwo kashi biyu ne. Akwai abin da yake ƙara wa mutum, kamar jin muryoyi da zargi, shi ne magani ya kwantar. Akwai kuma abin da yake ɗauke wa mutum, wato himma da magana da walwalar fuska da son shiga jama'a, shi ne har yanzu yake tare da ɗanka. Ba lalaci ba ne, ga shi nan a rubuce, marasa lafiya a ko'ina cikin duniya haka suke yi." Baba ya karɓi takardar ya juya ta, duk da ba ya karanta Turanci, ya ce, "Wa ya rubuta wannan, ya san yarona ne?" A ranar na fara jin sunan Andreasen.

Da na bincika sai na tarar da tarihin da ya ba ni mamaki. An haife ta a 1938 a jihar Nebraska, kuma ba da likitanci ta fara ba: digirin digirgir ta yi a adabin Turanci, tana koyar da shi a jami'a, sai wata matsananciyar rashin lafiya da ta same ta bayan haihuwar 'yarta ta fari ta sa ta juya akalar rayuwarta, ta shiga makarantar likitanci ta gama a 1970. A ganina wannan tushe na adabi shi ya sa kunnenta ya fi na takwarorinta kama yadda mara lafiya yake magana da yadda yake yin shiru. Likitocin farko da suka siffanta wannan ciwo, irin su Kraepelin da Bleuler, sun lura da dusashewar himma da ta fuska, amma daga baya hankalin masana ya karkata ga muryoyi da ruɗu, domin su ne suka fi sauƙin ganewa, su ne kuma magani yake taɓawa. A farkon shekarun 1980 Andreasen ta fitar da ma'aunin da ake kira SANS, wanda ya kasa abin da ciwon yake ɗaukewa gida biyar: daskarewar fuska da murya, ƙarancin magana, mutuwar himma, rashin jin daɗin abubuwa tare da janyewa daga mutane, da raunin mayar da hankali. Ta bi shi da ɗan'uwansa SAPS na ɗaya kashin, wato abin da ciwon yake ƙara wa mutum. Da zarar abu ya samu ma'auni, likitan Ayowa da na Yaba za su iya duban mara lafiya su faɗi abu ɗaya, masu gwada magunguna kuma za su iya tambaya ko magani ya taɓa wannan ɓangare ko bai taɓa ba. An fassara ma'aunin zuwa harsuna da dama, an yi dubban bincike da shi.

Baba bai ce komai ba a hanyar komawa gida, kuma shi ba mutum ne mai ba ɗansa haƙuri da baki ba. Abin da muka gani shi ne ya daina faɗa. Bayan kwana biyu ya ɗauko ƙaramin kwando ya ajiye a gaban Yaya, ya ce ya ware masa farin goro daga ja, iyakar aikinsa na ranar ke nan. Likitan ya ba da shawarar a riƙa ba shi aiki ɗaya, ƙarami, a lokaci sananne, Baba kuwa ya riƙe wannan fiye da kowa a gidan.

Suna na biyu da Andreasen ta yi, a fannin da nake cin abinci ta yi shi. Kafin shekarun 1970 da yawa daga cikin masana a Turai da Amurka suna ɗora laifin sikizofireniya a kan tarbiyya, musamman a kan uwa. A 1976 Eve Johnstone da Tim Crow da abokan aikinsu a Landan suka ɗauki hoton kan marasa lafiya da na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki da hasken X-ray, wadda a lokacin sabuwa ce, suka nuna cewa ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na masu lafiya faɗi. Da MRI ta fito, wadda take amfani da ƙaƙƙarfan maganaɗisu da igiyar rediyo wajen karanta ruwan da ke cikin nama, Andreasen tana cikin na farko da suka auna ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo da ita a 1986. A 1994 ta wallafa a mujallar Science cewa akwai bambanci a talamus, wato mahaɗar da saƙonni suke ratsawa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, daga baya kuma ta kawo ra'ayin cewa matsalar ba a gurbi ɗaya take ba, a'a, rashin daidaito ne a layin da ya haɗa goshin ƙwaƙwalwa da talamus da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya. Ta shafe fiye da shekara goma tana shugabantar babbar mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a shekarar 2000 kuma aka ba ta lambar yabo ta ƙasa a kan kimiyya.

Tun da Baba ya ji cewa ana ganin ciwon a hoto, sai ya ƙwallafa rai a kan sai an ɗauki na Yaya. Bayan na fara aiki, likita ya amince ya rubuta takarda, ni da kaina na shirya shi. Na cire masa agogo da ɗamara, Baba kuma ya kwance layar da Inna ta ɗaura masa a damtse, domin ba a shiga ɗakin maganaɗisu da abin da ba a san me aka ɗinke a cikinsa ba. Na toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar, na kwantar da shi, na koma bayan gilashi ina kallon ƙwaƙwalwar ɗan'uwana tana fitowa yanki-yanki a kan allo, hannuna yana rawa a kan maɓallan da na saba dannawa kullum. Likitan hoto ya duba ya rubuta cewa babu wani abu da ya saɓa. Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, ke ce kika ce matar nan ta gani a hoto. To ina yake?" Na ce masa, "Baba, idan aka buɗe huhu biyu na gonaki daban-daban aka auna, za a iya cewa goron wannan ya ɗara na wancan girma, amma idan aka miƙo maka ƙwaya ɗaya ba za ka rantse daga huhun da ta fito ba." Ya ce shi kam zai gane, shekara hamsin yana wannan sana'a, amma ya fahimci abin da nake nufi.

Wannan shi ne abin da nake so masu karatu su riƙe game da iyakar binciken, domin ina ganin illar rashin saninsa a wurin aiki. Bambancin da Andreasen da sauran masana suka gano bambanci ne tsakanin taron marasa lafiya da taron masu lafiya, ɗan kaɗan ne, kuma har yau babu hoton da likita zai ɗaga ya ce wannan mutum yana da sikizofireniya ko ciwon damuwa. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ma ya nuna cewa kafin a amince da alaƙar da aka gani tsakanin hoton ƙwaƙwalwa da halayyar mutum, sai an auna dubban mutane, alhali yawancin binciken baya da 'yan gommai aka yi shi. Duk da haka iyalai suna zuwa mana daga unguwannin Legas irin su Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, sun sayar da dabba ko sun ci bashi, suna so a nuna musu ciwon da idonsu, wani lokaci ma babu takardar likita. Nakan ce, "Hajiya, kuɗin nan zai saya masa maganin watanni, ku fara ganin likitan ƙwaƙwalwa, idan ya ga da buƙata shi zai turo ku." Amfanin hoto na gaskiya shi ne kore wani ciwon da yake shigar burtu. Na taɓa ɗaukar wata dattijuwa da halinta ya sauya bayan ta haura hamsin, ta daina kula da kanta, tana faɗin maganar da ba ta dace ba, 'ya'yanta sun daɗe suna yawon neman magani, sai ga ƙari a bayan goshinta ya danne ƙwaƙwalwa. Irin wannan, da wanda ciwonsa ya zo da farfaɗiya ko shanyewar gaɓa ko ruɗewa farat ɗaya, shi ne hoto yake ceto.

Abin da ya ƙara mini ganin girman wannan mata shi ne abin da ta fitar a 2011 tare da abokin aikinta Beng-Choon Ho. Sun bi marasa lafiya 211 shekara da shekaru suna maimaita musu hoto, suka ga cewa waɗanda suka fi shan magani mai yawa sun fi samun raguwar naman ƙwaƙwalwa. Wannan sakamako bai yi wa likitoci daɗi ba, ita kanta ta san za a iya juya shi a tsorata marasa lafiya, amma ta wallafa. An kuwa juya shi, domin har gidanmu wani kawunmu ya zo da saƙon waya yana cewa Turawa da kansu sun yarda maganin yana cinye ƙwaƙwalwa, a dakatar da shi. A lokacin Yaya yana fama da rawar hannu da sanƙarewar jiki, maganar ta so ta shiga kunnen Inna. Likitansa ya zaunar da mu ya nuna mana ɗaya rabin labarin: a 2013 ita dai Andreasen ta nuna cewa tsawon lokacin da mutum ya ɗauka cikin dawowar ciwo shi ma yana tafiya da raguwar ƙwaƙwalwa. Abin da ta fitar daga binciken biyu shi ne a hana ciwo dawowa, amma da mafi ƙarancin maganin da zai riƙe mutum. A kan haka aka rage wa Yaya magani sannu a hankali ƙarƙashin kulawa, rawar hannun ta ragu, muryoyin kuma ba su dawo ba.

A 2007 ta rubuta wata maƙala tana kukan cewa likitocin ƙasarta sun koma cike jerin alamomi, sun bar zama su saurari mara lafiya da kyau, ga shi kuwa ita tana cikin waɗanda suka taimaka wajen tsara littafin alamomin. Da na karanta sai Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya faɗo mini a rai, wanda tun 1954 ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya ɗora a kan wannan, inda binciken da ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa marasa lafiya sun fi samun sauƙi idan malamai da masu maganin gargajiya suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti. A gidanmu ma ba a daina addu'a da tofi ba ko rana ɗaya, sarƙa kawai aka daina. Abin da yake damuna shi ne yawancin ƙwaƙwalen da aka gina ilimin hoto a kansu na Turai da Amurka ne, mu kuwa na'urorinmu kaɗan ne, suna cin wuta da kuɗi, hotunan da muke ɗauka kullum kuma ba a tara su don bincike. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙi a takarda, amma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Yaya bai warke ba, kuma ba zan ce ya koma yadda yake kafin 2005 ba. A 2005 ɗin nan, wani kwamitin masana da Andreasen ta jagoranta ya fitar da sharaɗin abin da za a kira lafawar ciwon: manyan alamomi takwas su sauko zuwa mataki mai sauƙi, su zauna a haka aƙalla wata shida. Yaya ya cika wannan sharaɗi shekaru da dama yanzu. Shi yake riƙe da littafin bashin shagon goro tun da ƙarfin Baba ya ragu, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, har yanzu maganarsa kaɗan ce, taron biki kuma yana gajiyar da shi. Matashin likitan nan ya daɗe da barin ƙasar, wanda ya gaje shi ma ya tafi, amma na ajiye kwafen takardar 2009 da waɗanda suka biyo bayanta. Duk lokacin da muka tarar da sabuwar fuska a ɗakin duba marasa lafiya, nakan miƙa su, likita ya bi lambobin ya ga inda himmar Yaya take a da da inda take yanzu, ya ɗora daga nan ba tare da an mayar da mu farko ba.